Neman aikin farko a makarantar ƙasa da ƙasa ga malami mai iyali

Tambayar ta zo ne daga wani malamin lissafi da ke koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a Kaduna. Yana da digiri a lissafi da diflomar koyarwa ta PGDE, ya shekara shida a aji, yana da mata wadda ba malama ba ce, da yara uku, babbar cikinsu tana da shekara 11. Yana son ya san ko makarantun ƙasa da ƙasa da ke ƙetare za su ɗauki mutum irinsa a karon farko, ko kuwa yawan iyali zai rufe masa ƙofa.

Malam, ana ɗaukar malamai masu iyali irin naka kowace shekara, sai dai hanyarsu ta fi ta marar aure tsawo, kuma wanda bai fahimci dalilin hakan ba yakan ɓata shekara guda yana aika takardu inda tun asali ba za a duba su ba. Na daɗe ina zama a kwamitin tantance malamai a irin waɗannan makarantu, saboda haka zan bayyana maka yadda ake kallon takardarka a wajen masu ɗaukar aikin.

Idan makaranta ta ɗauko malami daga wata ƙasa, albashi ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da za ta biya. Akwai gida ko alawus ɗin haya, da tikitin jirgi na zuwa da na hutun ƙarshen shekara, da inshorar lafiya, da kuɗin biza da takardar izinin zama, wani lokaci har da kuɗin jigilar kaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙaruwa ne da yawan mutanen da ke tare da malamin. Amma wanda ya fi dukkansu nauyi shi ne kujerar aji, domin duk kujerar da aka bai wa ɗan malami kyauta, kujera ce da wani uba zai biya kuɗinta, kuma a manyan makarantu kuɗin yaro ɗaya na shekara yakan kai dala 20,000 ko ya zarce. Idan ka ninka wannan sau uku za ka ga karatun yaranka kaɗai zai iya fin albashin da za a ba ka. A takardar da ake raba wa 'yan kwamiti, kusa da sunan kowane mai nema akwai gurbin da ake rubuta yawan waɗanda ke ƙarƙashinsa. Marar aure za a rubuta masa sifili, miji da mata da duk suke koyarwa kuma suna da yara biyu za a lissafa musu yaro ɗaya ga kowane malami, kai kuwa za a rubuta maka huɗu. Ma'ajin makaranta wannan gurbin yake fara dubawa, kafin shugaban sashen lissafi ya kai ga karanta abin da ka iya. Shi ya sa makarantu da yawa suka kafa ƙa'idar cewa yaro ɗaya ko biyu kaɗai suke ɗauke wa kowane malami kuɗin makaranta.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne dole ka zama malamin da makarantar za ta sha wuya kafin ta sami madadinsa. A nan ka yi sa'a, domin lissafi, da fiziks, da kimistiri, da ilimin kwamfuta su ne darussan da ake neman malamansu ruwa a jallo kusan a ko'ina. Da a ce Turanci ko tarihi kake koyarwa, da na ce ka rage buri, saboda a can ne masu fasfon Ingila da Amurka da Kanada suka yi yawa, kuma har yanzu akwai makarantun da ke fifita su a fili ko a ɓoye. Wannan wariya gaskiya ce, za ka gamu da ita, kuma ba laifinka ba ne, amma ƙarfinta yana raguwa matuƙa idan ana neman wanda zai koyar da lissafin aji na ƙarshe kuma watan Maris ya kama ba a samu ba.

Sai dai darasi kaɗai bai isa ba, domin abu na biyu da ake dubawa shi ne manhajar da ka taɓa koyarwa. Shekaru shida na shirya ɗalibai don WAEC da NECO ƙwarewa ce ta gaske, amma shugaban makaranta a Doha ko Nairobi bai san ta ba, kuma ba shi da lokacin da zai tsaya ya koya. Abin da ya sani shi ne Cambridge, wato IGCSE da A Level, da manhajar IB (International Baccalaureate) wadda aka kafa a Janeba a 1968, da tsarin Amurka mai jarrabawar AP. Masu wannan sana'a da lambobi suke magana: lissafin IGCSE 0580 ne, ƙarin lissafi 0606, na A Level kuma 9709, sannan a difloma ta IB tun 2019 lissafi ya rabu gida biyu, Analysis and Approaches da Applications and Interpretation. Malamin da ya rubuta a takardar tarihin aikinsa cewa ya koyar da 9709 na shekara biyu, ya kuma kawo sakamakon ɗalibansa, ya riga ya wuce gaban da yawa daga cikin masu nema.

Saboda haka shawarata mafi muhimmanci, ko da ba ita ka so ji ba, ita ce ka nemi aikinka na farko a wannan tsari a cikin Najeriya. A Abuja da Legas, har ma da Kano da Kaduna da Jos, akwai makarantun da ke shirya ɗalibai don jarrabawar Cambridge, kuma a sama da su akwai irin su American International School ta Abuja da takwararta ta Legas. Za a ɗauke ka ne da kwantiragin ɗan ƙasa, wanda yawanci ba shi da gida ko tikiti, kuma albashinsa bai kai na baƙon da ke koyarwa a ajin da ke kusa da naka ba, abin da ke ci wa malamai da yawa rai, kuma suna da gaskiya. Amma shekara biyu a irin wannan wuri za su ba ka abubuwa uku da ba a sayen su da kuɗi: manhajar da duniya ta sani, da sakamakon jarrabawa mai sunanka a kai, da shugaban makaranta wanda idan aka kira shi daga ƙetare zai yi magana da yaren da mai kiran ke fahimta. Kuma duk wannan za ka same shi ba tare da ka tumɓuke yara daga muhallinsu ba.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma za ka gyara batun lasisi. Rajistar TRCN, wato hukumar yi wa malamai rajista ta Najeriya, wajibi ce, ka tabbata tana aiki, domin daga wurinsu za a nemi takardar da ke shaida cewa ba ka da wata matsala a sana'a. A watan Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman da suka yi karatun koyarwa a wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Ghana, damar neman QTS, wato shaidar cikakken malami ta ƙasar, ga masu koyar da lissafi da kimiyya da harsuna a matakin sakandare. Ka shiga shafin gwamnatin Birtaniya ka karanta sharuɗɗan da ke aiki a lokacin da za ka nema, domin ana sabunta su. Amfanin QTS ga mutum irinka ya wuce Ingila, saboda makarantun da ke bin tsarin Birtaniya a duk duniya sun yarda da ita, kuma takan kawar da shakkar da ake yi wa takardun da ba a saba gani ba. Ka yi hattara da kwas ɗin koyarwa na PGCEi da jami'o'in Birtaniya ke bayarwa ta intanet: yana da amfani wajen ilimi, amma shi kaɗai ba ya ba da QTS, kuma mutane da yawa sun kashe kuɗi masu yawa kafin su gane haka.

Game da lokacin nema, mafi yawan makarantu suna buɗe shekara ne a watan Agusta, amma ɗaukar malamai na farawa tun Oktoban shekarar da ta gabata, ya yi ƙarfi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ana tallata guraben a shafukan intanet irin su TES da TIE da Schrole, da kuma ta hannun dillalan samar wa malamai aiki irin su Search Associates da ISS, waɗanda ke shirya tarukan ɗaukar aiki a birane irin su Landan da Bangkok da Dubai, ko ta intanet. Wasu kyauta ne ga mai nema, wasu suna karɓar kuɗin rajista. Mai iyali yakan fi samun kiran ganawa a ƙarshen lokacin ɗaukar malamai, lokacin da makaranta ta nemi marar aure ta rasa, saboda haka kada shirun Disamba ya karya maka gwiwa. Abu ɗaya da ba shi da togaciya shi ne makarantar gaskiya ba ta neman malami ya biya ta kuɗin aiki ko ya tura kuɗin biza ga wani wakilin tafiye-tafiye. Duk wasiƙar ɗaukar aiki da ta zo ba tare da ganawa ta bidiyo ba, ko ta fito daga adireshin imel da ba na makarantar ba, damfara ce.

Wasu za su ba ka shawarar ka ɓoye yawan iyalinka har sai an yi maka tayi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Makarantar da kasafinta ba zai ɗauki mutum biyar ba za ta janye tayin ne kawai, ka yi asarar makonni, kuma shugabannin makarantun nan sun san juna, suna magana da juna. Ka rubuta a sarari a ƙarshen wasiƙarka cewa za ka zo da mai ɗakinka da yara uku, ka ambaci shekarun kowanne. Shekarun suna da muhimmanci, domin idan ajin da 'yarka za ta shiga yana da kujerun da babu kowa a kai, karɓarta ba ta rage wa makarantar komai, kuma na sha ganin an ɗauki mai iyali saboda wannan dalilin kaɗai. Idan ƙaramin yaron bai kai shekarun shiga makaranta ba, wannan ma ka faɗa.

Sai batun ƙasa, wanda a kansa ne mutane suka fi ruɗuwa. Yammacin Turai ka cire shi daga lissafi a yanzu. Haraji yana da yawa, makarantu kaɗan ne ke ba da gida, an fi son mai fasfon Tarayyar Turai saboda sauƙin takardu, kuma a wasu ƙasashen karatun kyauta da aka bai wa ɗan malami ana ɗaukarsa a matsayin kuɗin shiga, a caji uban haraji a kansa. Albashi ɗaya ba zai riƙe mutum biyar a can ba. Manyan makarantun Singafo da Hong Kong da Tokyo suna biya sosai kuma suna kula da iyali, amma suna zaɓa ne daga malaman da suka shekara da yawa a manhajar IB. Inda na fi ganin dama ga aikin farko shi ne ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, da Masar, da gabashin Afirka, da wasu sassan Asiya ta Tsakiya da kudu maso gabashin Asiya. A Afirka akwai tsofaffin makarantu masu suna irin su International School of Kenya a Nairobi, da International School of Tanganyika a Darussalam, da Lincoln Community School a Accra, kuma a ƙarƙashinsu akwai wasu da yawa masu matsakaicin ƙarfi waɗanda suka fi sauƙin shiga.

Ƙasashen Gulf ne zuciyar mutanenmu ta fi karkata gare su, saboda addini da abinci da kusancin Makka, kuma babu haraji a kan albashi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Ƙatar da Saudiyya. Amma a nan ne ya fi kamata ka zauna da biro da takarda. A Saudiyya, tun 2017 ake karɓar kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar baƙo, wato takardar zamansa, an fara da riyal 100 a wata, ya kai riyal 400 a 2020. Mata da yara uku ke nan riyal 1,600 a wata, riyal 19,200 a shekara, kuma idan kwantiragi bai ce makaranta ce za ta biya ba, daga aljihunka zai fita. A Daular Larabawa mafi ƙarancin albashin da ake buƙata don ɗauko iyali dirhami 4,000 ne, ko 3,000 idan an ba ka masauki, kuma yawancin malamai sukan wuce wannan, sai dai yawancin makarantun can na kasuwanci ne, da yawa daga cikinsu rangwame kawai suke yi a kuɗin makarantar 'ya'yan malamai, wasu rabi, wasu ga yaro ɗaya tak. Masaukin da suke bayarwa sau da yawa ɗaki ɗaya ne da falo, wanda aka tanada don mutum ɗaya. Idan ka cika kuɗin gida mai ɗaki biyu, ka biya wa yara biyu makaranta, ka saya wa iyali inshora da tikiti, albashin da ya yi maka kyau lokacin da ka mayar da shi naira zai iya ƙarewa kafin wata ya mutu. Ka kuma tuna cewa Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024, wanda ke nuna cewa fasfonmu kansa abu ne da za ka tambayi makaranta a kansa tun da wuri, ko ta taɓa yi wa ɗan Najeriya takardu kwanan nan.

Idan tayi ya zo, kada ka amsa da baki a ranar. Ka nemi kwantiragin a rubuce, ka bi shi layi-layi. Kalmar iyali a ciki ba ta wadatar ba, sai an faɗi yara nawa, kuma kashi nawa cikin ɗari na kuɗin makaranta, sannan ko ya haɗa da kuɗin rajista, da kuɗin gini da wasu makarantu ke karɓa sau ɗaya, da yunifom, da mota, da kuɗin jarrabawa. Ka duba ko tikitin kowa ne ko naka kai kaɗai, kuma ko inshorar ta haɗa da haihuwa da ciwon da mutum ya zo da shi, kamar sikila ko asma. Abin da shugaban makaranta ya faɗa maka a waya yana murmushi ba ya ɗaure wanda zai gaje shi baɗi. Sannan ka roƙi a haɗa ka da wani malami mai yara da ke aiki a wurin yanzu, ka tambaye shi ko ana biyan albashi a kan kari, da nawa yake kashewa a wata. Makarantar da ta ƙi haɗa ka da kowa tana so ne ka yi cinikin biri a sama. Ka kuma duba ko wata hukuma mai zaman kanta irin CIS ko NEASC ko COBIS ta tantance ta, kuma idan a Dubai take, rahoton binciken hukumar KHDA mai kula da makarantu masu zaman kansu yana nan a intanet kowa na iya karantawa.

Akwai wasu abubuwa na gida da suka shafe mu musamman, waɗanda jagororin Turawa ba sa ambata. Da yawa daga cikin aurenmu an ɗaura su ne a masallaci ko a ƙofar gida ba tare da takarda ba, alhali ba za a bai wa mai ɗakinka bizar iyali ba sai da takardar aure da aka tantance. Haka takardun haihuwar yara, dole su zama na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma rubutun sunaye ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi, domin Muhammad a wata takarda da Mohammed a wata ya isa ya tsayar da komai na makonni. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar da ta sauƙaƙa tantance takardu tsakanin ƙasashe, saboda haka takardun karatunka sai sun bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka je. Za a kuma nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda, saboda kare yara daga cutarwa abu ne da waɗannan makarantu ba sa wasa da shi, kuma a kowace ganawa sai an yi maka tambaya a kansa. Idan a cikin yaran da ke gidanka akwai ɗan riƙo, ɗan wa ko ɗan ƙanwa, ka sani cewa kwantiragi da biza ba su san shi ba sai da takardar kotu, gara a yanke shawarar inda zai zauna tun kafin a yi masa alkawarin tafiya.

Yaran kansu za su gamu da abin da ba su zata ba. Makarantun nan suna sanya yaro a aji ne bisa ranar haihuwarsa, a tsarin Birtaniya ana yanke lissafin ne daga 1 ga Satumba, mu kuwa mun saba tsallakar da yaro aji idan yana da ƙoƙari. Yarinyar da ke aji biyu na ƙaramar sakandare tana da shekara 11 za a mayar da ita cikin sa'o'inta, kuma za ta ji kamar an rage mata daraja idan ba a shirya ta tun daga gida ba. Shekarunta dai sun yi daidai da tafiya, domin IGCSE karatu ne na shekara biyu da ake farawa wajen shekara 14, kuma ba a son a ɗaga yaro a tsakiyarsa. Ka tambayi su wane ne ɗaliban makarantar, saboda a yau mafi yawan masu karatu a makarantun da ake kira na ƙasa da ƙasa 'yan ƙasar ne. Ana iya yin darasi da Turanci, amma da an kaɗa ƙararrawar tara filin wasa ya koma Larabci ko Sinanci, yaronka ya tsaya a gefe riƙe da abincinsa. Ƙananan yara sukan saba cikin watanni, babba ce za ka sa wa ido.

Wadda aka fi mantawa da ita a wannan lissafi ita ce uwargida. Kai kana da aji da abokan aiki tun ranar farko, yara suna da makaranta, ita kuwa za ta wuni a gida a garin da ba ta da dangi ko maƙwabciyar da za ta leƙa, kuma bizar iyali a ƙasashe da yawa ba ta ba ta izinin aiki ko sana'a sai da wata takarda daban. A abin da na gani, kwantiragin masu iyali da ya rushe kafin wa'adi, galibi daga nan matsalar ta faro. Kwantiragin farko shekara biyu ne a al'ada, kuma wanda ya karya shi yakan biya kuɗin da aka kashe wajen kawo shi, ya kuma rasa shaidar shugaban makaranta, wadda ba a samun aiki na gaba sai da ita. Saboda haka ku zauna ku tattauna tun kafin ka aika takarda ta farko. Idan tana da digiri ko NCE kuma tana da sha'awa, shekaru biyun da za ka yi kana gina ƙwarewa a gida sun ishe ta ta sami shaidar koyarwa da ɗan gogewa a firamare ko nazare, kuma ranar da kuka nema a matsayin malamai biyu, gurbin nan da ma'aji ke dubawa zai sauya gaba ɗaya.

Ka tanadi kuɗin da zai riƙe ku aƙalla wata biyu zuwa uku, domin albashin farko sai ƙarshen watan da ka fara aiki, kuɗin tantance takardu kuma kai za ka fara biya ko da za a mayar maka daga baya. A ƙasashen Gulf ba za ka iya ɗauko iyali ba sai takardar zamanka ta fito, a Dubai har sai ka nuna yarjejeniyar haya mai rajista, saboda haka yawanci malami ne ke fara tafiya a Agusta, iyali su biyo baya bayan wasu makonni. Ka tambayi makarantar ko za ta riƙe wa yaran kujerunsu har su iso, kuma kada ka saki gidan hayarku na Kaduna ko ka cire su daga makarantarsu ta yanzu sai bizarsu ta shigo hannu.